Magini, Duniyoyinka Sun Fi Nawa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, aka shigo ofis aka ce mana ka cika a asibiti, Magini.

Ɗalibai ne suka sa maka wannan suna, ni ban taɓa son sa ba. Ofis ɗaya muke, aiki ɗaya: mu zuba lissafin ƙura da ƙanƙara da iska a kwamfuta, mu ga wace irin duniya za ta dunƙule a kewayen tauraro. Nawa duniyoyin kullum sai su kumbura da iska kamar balan-balan, ko su faɗa cikin tauraronsu su ƙone. Naka kuwa su fito tsaf, har da tururin ruwa a samansu. Wallahi abin yana ci mini rai.

Mu sauran in lissafi ya haifo wata duniya mai ban dariya, gogewa muke yi. Kai ba ka gogewa. Sai ka zauna da ita mako guda kana tambayar me ya lalata ta. Har nawa da na zubar kakan roƙa. Da ka gyara mini guda, ka ce, “Ɗan'uwa, ƙanƙararka ce ta narke da wuri.” Na yi godiya da baki, zuciyata kuwa tana tafasa.

Akwai wata duniya ta gaske a kewayen wani tauraro mai nisa da muka yi shekaru muna musu a kanta: na ce iska mai kauri ta lulluɓe ta, ka ce siririya ce mai ɗauke da ruwa. Jiya sakamakon na'urar hangen taurari ya iso. Kai ne da gaskiya. Shugaban sashe ya ce ni zan tsaya gaban taro in bayyana, tunda ni kaɗai na san lissafinka ciki da bai. Haba, Magini, ko a kabari sai ka kayar da ni?

Zan tsaya, zan kuma faɗi sunanka da ƙarfi, ba zan rage maka komai ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa aikinka ya bi ka da lada. Ina yi wa maiɗakinka da 'yarka da ɗalibanka ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Ni ma a sa ni a addu'a, don har yanzu kishinka nake ji, kuma ba ni da wanda zan yi wa.