Idon Dogo a Ƙasa

Faɗanmu da Dogo a gaban madubi aka yi shi. Jikana ne, a hannuna ya tashi tun yana rarrafe. Ran nan na shigo da tsintsiya, na iske shi tsaye ƙiƙam, ya shaƙe wuya da igiyar nan ta 'yan ofis, yana zare wa kansa ido yana cewa, "Ni mutum ne mai ƙwazo. Ni na zo na ɗaya a ajinmu."

Na ce, "Lafiya, maigidan? Wa ya tambaye ka?"

Ya ce, "Kaka, intabiyu gare ni jibi. Haka ake yi: ka dubi manya cikin ido, ka faɗi abin da ka iya."

"Ka dubi wa? Shekara biyar a jami'a, fitsara aka ɗora maka? A gidan nan ba a yabon kai. In ka iya, ai suna da ido."

Ya sunkuyar da kai, ya kwance igiyar. Ni kuwa har da jin daɗi, wai na yi gyara.

Dogo karatun injuna ya yi. Babu fanka ko injin ɗinkin da ya mutu a layinmu bai tashe shi ba, kuma in an yi masa godiya sai ya ce dama ba wani abu ne ya lalace ba. Haka na rene shi, haka ya tafi gaban mutum huɗu a bayan dogon tebur. Suka ce, "Me ya sa za mu ɗauke ka?" Ya dubi takalminsa, ya ce, "Akwai waɗanda suka fi ni, ranka ya daɗe, sai dai in kun taimaka." Ƙanwarsa ce ta tsegunta min daga baya.

Sau bakwai ana kiransa, sau bakwai yana dawowa da fayil a hammata. Abin haushi, shi ke horar da 'yan layi. 'Yar maƙwabta, mai bakin nan kamar rediyo, kwana uku ya yi yana jefa mata tambayoyi a bakin ƙofa, aka ɗauke ta aiki. A nan na gane ɓarna na yi, ba gyara ba.

Wata rana na jawo kujera na hakimce a gaban Dogo, na ce, "To, ni ce shugabar. Faɗa min abin da ka iya, kada ka rage komai."

Ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya yi 'yar dariya yana kallon yatsun ƙafata. "Kaka, ba ya fitowa."

Kira na takwas daga wani gari mai nisa ya zo, saura wata biyu shekarunsa su haura waɗanda kamfanoni ke ɗauka. Ba su ɗauke shi ba. Can ya zauna, a shagon buga takardu da ke kallon ginin kamfanin da ya ƙi shi, yana tsara wa yara takardar neman aiki. Shekara biyu ke nan bai zo gida ba, gaisuwa sai ta bakin ƙanwarsa.

Safiyar da zai tafi garin nan ya shigo sallama, wando ya sha guga. Ya fara lanƙwasa gwiwa zai durƙusa kamar kullum. Maganganu sun cika min baki, ban san ta ina ake warware shekara talatin ba. Na riƙe hannun rigarsa, na ce, "Miƙe, ɗan nema. Kada ka ɓata karin wandon saboda ni."