Soson Malam Laminu ya bushe

Shekara shida ke nan da muka kai Malam Laminu makwancinsa a nan Libreville, babban birnin Gabon. Aminina ne, garinmu ɗaya a Nijar. Ni na shigo da ƙarfin kafaɗa na kama dako a tashar jiragen ruwa ta Port Môle, shi ya shigo da ilimi ya kama koyarwa a wata ƙaramar makaranta a unguwar Awendjé. Ban taɓa jin rashinsa kamar bana ba.

Ɗana Habibu yana da shekara bakwai aka sa shi a ajinsa. Yaro ne da ba ya iya zama. Kafin malami ya gama jimla ya leƙa taga, ya taɓa na kusa da shi, ya shige ƙarƙashin benci. In aka ce masa zauna a gaban mutane, sai ya kafe ya ce ba zai zauna ba, ko da za a yanka shi. Mahaifiyarsa ta ce iska ce, muka yi ta ba shi rubutu. Yayana Alhaji ya ce bulala ce ta yi masa kaɗan.

Laminu ya ce ba ko ɗaya. Wani hutu ya je horon da aka yi wa malamai a kan irin waɗannan yara, ya dawo yana cewa abin yana da suna a wurin likitoci, kuma ba iskanci ba ne. Ya zaunar da Habibu kusa da ƙofa, ya damƙa masa soson goge allo. Da ya ga ƙafar yaron ta fara rawa sai ya ce, “Habibu, soso ya bushe.” Yaron ya ruga famfo ya jiƙo, ya dawo ya zauna. Sau da yawa soson yana ɗigar ruwa ake cewa ya bushe. Kuma ba ya ba shi umarni a gaban yara. Durƙusawa yake yi kusa da kunnensa ya tambaye shi, lissafi zai fara ko karatu? A shekarar nan Habibu ya iya karanta sunan kowane jirgi a bakin ruwa.

Wata rana muna shan shayi Laminu ya dube ni ina ta jujjuya kofi ya ce, “Kai ma ai soso ka rasa, Isuhu.” Na yi dariya, amma gaskiya ya faɗa. Haka nake ina yaro. Aka yi ta dukana har na gudu daga makaranta, na girma ban san harafi ba. Laminu ne ya tura ni ajin manya, inda har yau nake zuwa da furfurata.

Burinsa shi ne ya koya wa sauran malamai. Ya fara tara 'yan kaɗan ranar Asabar a ajinsa. Ciwo bai bar shi ya yi nisa ba, taron kuma ya watse da rasuwarsa.

Tun daga nan Habibu ya bar makaranta biyu. Ta ukun ta ce in aka tashi hutu kada in dawo da shi. Alhaji kuwa ya yanke irin hukuncin da mutanenmu suke yankewa duk yaron da ya gagara a nan: a mayar da shi gida Nijar ya ga tarbiyya. Har ya samo wanda zai tafi da shi bayan Sallah. Ba na musu da yayana, shi ya kawo ni ƙasar nan. Amma na san abin da ke jiran yaron a can, don yana rubuce a bayana.

Na sayi soso na je wurin malamarsa ta yanzu. Yarinya ce mai kirki, ajinta cike har bakin ƙofa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Baba, in na bar shi ya fita, duk ajin zai fita. Ba wanda ya koya mini wannan.” Ban ga laifinta ba. Ta karɓi soson da hannu biyu. Da na wuce ta wurin bayan kwana biyu na leƙa taga. Soson yana kan teburinta a bushe, Habibu yana durƙushe a lungu, hannuwa sama.

Da Laminu yana raye, ba zai zage ta ba. Zai ce ta zo ranar Asabar. Abin da ya bari ke nan: ba gida, ba littafi, sai wata hanya da ke cikin kan malaman da suka zauna gabansa. Ban san inda suke ba. In ɗayanku ya karanta wannan, don Allah ya nemi malamar nan kafin Sallah, ya nuna mata yadda ake yi. Ni na gwada, bakina bai kai ba.

Jiya Habibu ya ga mahaifiyarsa tana wanke masa jakar tafiya. Ya tsaya cak, abin da bai saba ba, ya ce, “Baba, a can ma zama ake yi?”

Allah ya jiƙan Laminu. Da shi ne, da ya san amsar da zai ba shi. Ni na ce masa ya je ya ɗebo mini ruwa.