Maginin da Ya Fasa Daɓen Gidansa

Mutanen unguwa sun manta sunansa na gaskiya, kowa Baba Siminti yake ce masa. Tun yana saurayi yake gini, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar ya ga ƙasa a fili. In ya shiga gida ya tarar da tsakar gida ba daɓe, sai ya riƙa kallonta kamar ya ga yaro ba wando. Da Allah ya hore masa ya gina nasa, ya malale ko'ina da siminti, daga bakin ƙofa har jikin katanga. Ɗan wurin da matarsa take shuka tumatir ma bai tsira ba. Ta yi fushi har ta gaji, ta koma shuka a tsofaffin bokitai.

An yi shekaru lafiya lau. Ruwa ya sauko daga kwanon rufi, ya bi daɓe, ya fice ta rariya. Sai aka zo gyaran titi aka ɗaga shi, rariyar ta koma ƙasa da hanya. Daga nan ruwa ya daina fita, har na titi ya fara kawo ziyara. Da hadari ya haɗo, sai Baba Siminti ya shiga zullumi. Ya ƙara tsawon dokin ƙofa, ya sake ƙarawa, har sai an ɗaga ƙafa kamar za a hau mota kafin a shiga ɗaki. Tsakar gida kuwa ta yi kore da gansakuka.

Wata safiya matarsa ta fito da kwandon wanki, santsi ya kwashe ta. Ƙarar faɗuwarta ya ji kafin ihunta. A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya tsage.

Ƙaninta, wanda sana'arsa shuka furanni da gyaran lambu a gidajen mutane, ya zo dubiya. Tsakaninsa da mijin yayarsa kullum tsiya ce da barkwanci, amma ranar bai yi dariya ba. Ya zagaya tsakar gidan, ya ce, "Yaya, ruwan nan ba inda zai je sai ƙasa, kai kuma ka toshe mata baki. Fasa za ka yi."

"In fasa aikin hannuna? Kai da ba ka san komai ba sai wasa da taɓo?"

"To ka bari. In an sallamo ta, sai ka riƙa goya ta zuwa banɗaki."

Maganar ta zauna masa. Ya kwana biyu yana kewaya gidan. Rannan ya ɗauko babbar gudumarsa. Daɓen ya yi taurin kai, don shi ya kwaɓa shi kuma bai yi masa rowar siminti ba. Yana duka yana gumi, mai furanni na gefe yana cewa, "Da ma ha'inci ka yi kamar sauran magina, da yanzu mun gama."

Suka haƙa rami mai faɗi marar zurfi, nesa da tushen ɗakuna don kada damshi ya ci gini. Suka cika shi da ruwa don gwaji. Kafin washegari ya tsotse, mai furanni ya ce to, sauro ba zai samu wurin haihuwa ba. Suka gauraya ƙasa da yashi da taki, suka dasa ciyawar shayi a tsakiya, ayaba a gefe. Indararo aka juya shi zuwa durom, in durom ya cika, ragowar ta bi wata 'yar hanyar duwatsu zuwa ramin. Gutsattsarin daɓen kuwa Baba Siminti ya hana a zubar. Ya jera su gefen kaushi a sama, tsakuwa a tsakani, ya yi wa matarsa hanyar da sandarta ba za ta zame ba.

Ba ta daɗe da dawowa ba aka tashi da hadari baƙi ƙirin da rana tsaka. Baba Siminti ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Durom ya cika ya tumbatsa. Ruwan ramin ya fara tasowa, ya taso, har ciyawar ta kusa nutsewa.

"Baban yara, ya shigo ne?" in ji matarsa daga kan gado.

"Tukuna."

Ruwan ya zo dab da baki, ya tsaya. Aka ɗauke ruwan sama, shi kuma bai motsa ba sai da ya ga layin laka ya bayyana a gefen ramin, alamar ƙasa ta fara sha. Nan ya sauke wata ajiyar zuciya, ya zauna a kan dokin ƙofa yana dariya shi kaɗai.

"Lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ɗauko sandarki ki zo ki gani."

Ta fito a hankali, yana riƙe da gwiwar hannunta, har ƙarshen hanyar, ƙafarta ba ta jiƙe ba.

Har yanzu yana fita aiki, ko da yake ƙarfi ya ragu. In mai gida ya ce a malale ko'ina, sai ya ce a bar wa ruwa ɗan wuri. Wasu su ji, wasu su ce tsufa ne. A gida kuma ƙorafin matarsa ɗaya ne: wani ƙaton kwaɗo da ya tare a gindin ayaba, ba ya barinta ta ji rediyo.

"Ki kai ƙara wajen ƙaninki," in ji shi. "Ɗan hayarsa ne."