Hular da Saratu Ta Murɗe

Wata rana da hantsi, wata baiwar Allah mai suna Saratu ta fito da kwanon kunun mahaifinta yadda ta shiga da shi. Ko ludayin bai taɓa ba.

Kwana huɗu ke nan.

Baba Ilu mai wankin hula ne, shekara arba'in yana sana'ar a bakin kasuwa. Wata uku baya aka yi masa aiki a ciki, da ƙyar ya sha. Da Allah ya tashi kafaɗunsa, 'ya'yansa suka haɗa baki suka rufe rumfar, wai wahalar ta isa haka.

Aka gyara masa ɗaki a gidan Saratu. Sabuwar katifa, fanka, rediyo.

Duk wanda ya bugo waya, amsarta ɗaya: yana nan, alhamdu lillahi.

Yana nan ɗin kuwa. Sai dai kullum ramewa yake, ido a rufin ɗaki. Likita ya duba, ya ce ciwo ya warke sarai. Saratu kuwa sai kuka a sujada, kada wanda asibiti ta sallama ya zo ya ƙare a hannunta.

Ta ajiye kwanon, ta zauna wanki a tsakar gida ko ta rage tunani. Hular mijinta ta biyo cikin kayan. Ta cuɗa ta da sabulu, ta kama ta murɗe kamar tsumma.

Sai murya daga ƙofar ɗaki.

"Ke Saratu. Me hular nan ta yi miki?"

Mutumin da ya yi mako bai haɗa kalma biyar ba, ga shi tsaye dafe da bango.

"Baba, wanki nake. Koma ka kwanta, an ce ka huta."

"An ce in huta, ba a ce in zuba ido ana kashe hula a gabana ba. Miƙo ta. Kawo buroshi da sitati."

Babu katakon ɗora hula a gidan, sai ya sa aka kife masa 'yar tukunya. Ya ɗora hular a kanta. Ya shafa mata sitati. Ya goge, ya ja, ya daidaita baki, har hular ta tsaya cak a rana.

Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Wai gidan nan ba a dafa abinci ne?"

Saratu ta shige kicin da sauri. Ta jingina da bango tana hamdala, hawaye na zuba, sannan ta ɗora tukunya.

Malmalar tuwo biyu ya tashi da su.

Darasi:

Akwai wanda yana nan kawai. Akwai wanda ya tsira. Akwai kuma wanda yake rayuwa. Mu da muke jinyar iyaye, kada tausayi ya sa mu raba su da abin da ke tashinsu da safe.

Ki tura wa 'yar'uwar da take da tsoho a ɗaki. Allah ya ba mu ikon kyautata musu.