Makanikin Jikwoyi da Dutsen da Aka Zaɓa a Hoto

Muhyiddeen mai gyaran keke ne a Jikwoyi, a bakin titin da ya miƙe daga Nyanya zuwa Karshi. Rumfarsa ta kwano ce, tsakanin mai walda da wata mata mai gasa masara. Ya kusa shekara hamsin, gwiwarsa ta hagu tana damunsa duk lokacin da hadari ya haɗu, kuma ba ya son dogon zance. Idan ka kawo masa keke ka tsaya bayanin abin da ya lalace, da kunne ɗaya yake jin ka. Sai ya karɓa, ya hau, ya je bakin kwalbati ya dawo, sannan ya ɗauko sifana.

A Tudun Wadan Zariya aka haife shi, a gidan masu faci. A hannun mahaifinsa ya koyi ɗaure wayoyin taya da gyaran birki. Da ya tasa, babur ya kashe kasuwar keke a garinsu, sai ya taho Abuja ya shiga acaɓa. Ya yi shekara huɗu yana yi aka hana acaɓa a tsakiyar birni. Ya sayar da babur ɗin, ya auri Lantana, ya kafa rumfa, ya koma sana'ar gado. Shekara da shekaru abin da yake gani bai wuce tayar Keke Napep da kurar 'yan ga-ruwa ba. Ana ci, ba a ƙoshi.

Wata safiyar Asabar, shekara shida da suka wuce, wani mutum ya iso rumfar yana tura keke mai faffaɗar taya, sanye da matsattsun kaya da hular kwano, gumi na zuba masa. Shi ne Farouk, mataimakin darakta a wata ma'aikatar tarayya, kuma ciyaman na wata ƙungiyar masu hawan keke a kan duwatsu. Sarƙar kekensa ce ta tsinke. Muhyiddeen ya haɗa ta, sannan ya tsaya yana kallon birkin, domin bai taɓa ganin keke mai birkin faifai ba. Ya roƙi a bar masa shi kwana biyu. Ya wargaza shi kaca-kaca a kan buhu, ya sake haɗawa, ya mayar wa mai shi yana tafiya shiru kamar sabo.

Daga nan kekunan ƙungiyar, goma sha shida, suka dawo hannunsa. Duk Asabar ɗin da za su fita, yakan bi su a bayan a-kori-kura da akwatin kayan aiki. Wannan aikin ne ya sa masa kwano sabo a rumfa, ya kai 'ya'yansa makarantar da Lantana take so, har ya daina karɓar facin Keke Napep. Farouk ya laƙaba masa suna Injiniya. Shi kuwa Yallaɓai yake ce masa, bai taɓa ƙarawa ko ragewa ba.

'Yan ƙungiyar kusan dukansu ma'aikatan ofis ne, kuma yadda suke aiki a ofis haka suke hawan keke. Ba sa fita sai an kira mitin, an kafa kwamiti, an kaɗa ƙuri'a, an rubuta. Mai rubutun ita ce Perpetual, ma'aikaciyar jinya 'yar Binuwai, wadda ta fi kowa ƙarfin ƙafa a hawa, kuma ta fi kowa tsokana.

A watan Agustan bara suka shirya babbar fita ta yini guda, aka sa ranar Asabar mai zuwa. Aka yi mitin a wani lambu a Garki, Muhyiddeen na gefe yana ɗaure birkin wani. Wurare uku aka kawo. Wasu suka ce tsaunukan bayan Mpape, aka ce tifofin masu fasa dutse sun yi yawa. Wasu suka ce wajen Ushafa, aka ce an je har an gaji. Sai Farouk ya ciro wayarsa ya nuna hotunan wani dutse da ke can gefen hanyar Karshi, waɗanda wani abokin aikinsa ya ɗauko. Hanya ce ja, busasshiya, ta ratsa fili fetal, ta hau wani shimfiɗaɗɗen dutse har ƙololuwa. Wayar ta zaga hannu-hannu. Ƙuri'a goma sha uku ta faɗa wa dutsen.

"Injiniya, ai unguwarku ce," in ji Farouk. "Ka san wurin?"

"Ban taɓa hawa ba, Yallaɓai. Yaushe aka ɗauki hoton?"

"Fabrairu, ina ji. Dutse ai dutse ne, ba tafiya yake yi ba."

Aka yi dariya. Perpetual ta rubuta. Muhyiddeen ba shi da ƙuri'a, don haka ya ci gaba da ɗaurin birkinsa.

Ranar Talata bai buɗe rumfa ba. Lantana ta tambaye shi ina zai je da sassafe haka da gorar ruwa, ya ce duba hanya. Ta ce wa ya aike shi. Ya ce babu. Ta taɓe baki ta koma kan tukunyarta.

Ya hau nasa keken, wanda ya harhaɗa da kansa daga tsofaffin kayan da aka bar masa. Ya bi kwalta har ya wuce Orozo, ya sauka a kan burtali, yana tambaya. Inda hoto ya nuna fili, masara ce ta fi shi tsawo. Bayan masarar, kunyoyin doya ne a jere har gindin dutsen, kowanne da sandarsa, ganye ya nannaɗe. Jar hanyar nan manoma sun nome ta, ba abin da ya rage sai 'yar siririyar turba da mutum ɗaya zai bi a ƙafa. Wata tsohuwa 'yar Gbagyi tana cire ciyawa, ta ɗago ta dube shi, ta dubi keken.

Ya gaishe ta, ta amsa da Hausarta ta kasuwa. Ya ce mutum goma sha shida ne za su zo ranar Asabar da irin wannan.

"A bi ina?" ta ce.

Ya nuna turbar.

"Da rani ku bi, ba ruwan kowa. Yanzu abinci ne a ƙasa. Ka taka doya ɗaya, ka ga maigidan gona."

Ya saɓa keken a kafaɗa ya ratsa a ƙafa. Ya tarar da rafi da ba ya cikin hoton, ruwan ya kai masa cinya. Ya haye. Shimfiɗaɗɗen dutsen yana nan kamar yadda aka nuna, sai dai ruwa na tsatsafowa daga samansa, gansakuka ta rufe shi kore shar. Ya hau 'yar tazara, ya juyo, ya gangaro a hankali, ya taɓa birki. Tayar baya ta zame kamar an ja tabarma. Ya faɗi ta gefen hagu, ƙwaurinsa ya ɗaye. Ya zauna har raɗaɗin ya lafa, ya wanke ciwon a rafi, ya kamo hanyar gida.

Washegari da yamma ya je gidan Farouk da wandonsa a naɗe. Ya same shi a baranda, an jibge riguna sababbi a kan kujera, kowace an buga mata hoton dutsen a ƙirji.

"Yallaɓai, na je. Babu hanya."

"Kamar yaya babu hanya?"

"Gona ce. Bayan gona rafi, bayan rafi santsi. Ga shaida." Ya nuna ƙwaurinsa.

Farouk ya dubi ciwon ya ce sannu. Sannan ya ce, "Kai da wannan kwarababben keken naka. Tayoyinmu ba irin naka ba ne."

"Ni na sa muku tayoyin."

"Injiniya, ka gane mana. Kwamiti ya zauna, an rubuta. Na gayyaci daraktana, ya ce zai zo da ɗansa. Ga riguna. Yau Laraba. In koma in ce masa me? Makanike ya ce a fasa?"

"Ka ce masa Ushafa. Hanyar can tsakuwa ce, tana shan ruwa."

"Sai an sake mitin. Ba lokaci."

"To gobe da safe ka zo mu je ka gani da idonka. Awa uku."

"Gobe ina da ganawa da babban sakatare."

Muhyiddeen ya san abin da ke cikin wannan magana. Akwai wani sabon shago a Wuse mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, masu shi sun daɗe suna zawarcin ƙungiyar. Idan ya ce to, ya bi su ranar Asabar, kekuna goma sha shida suna nan a hannunsa, kome ya faru kuma ba shi ya kaɗa ƙuri'a ba. Ya tuna yadda tayar ta zame. Shi da ya yi shekara arba'in a kan sirdi.

"Zan duba kowane keke kafin Asabar," ya ce. "Amma ba zan ɗauki akwati in raka mutane wurin da na faɗi ba. Wanda ya tambaye ni kuma, zan gaya masa."

"Wato ka fi kwamiti."

"Ni dai na je, Yallaɓai."

Farouk ya miƙe ya fara ninke riguna. "Ka bar duba kekunan. Za a kai su Wuse."

Mutum ɗaya ce ta tambaye shi. Perpetual ta bugo waya ranar Juma'a. "Oga Muhyi, an ce ka yi tawaye. Wai dutse ya kayar da kai, ka ce kowa ma ya zauna gida?"

"Sista, idan kin je, kar ki gangaro a kan keke. Ki sauka ki tura. Ki gaya wa sauran."

"Tsufa ne ya kama ka, baba," ta ce tana dariya. Amma ta ce za ta faɗa.

Ranar Asabar ya buɗe rumfa kamar sauran ranaku. Wajen ƙarfe bakwai ayarin ya wuce ta gabansa, motoci biyar da kekuna a ɗaure a baya, kowa cikin sabuwar riga. Perpetual ta ɗaga masa hannu. Ya ɗaga mata, ya koma kan tayar da yake faci.

Abin da ya faru, daga bakinta ya ji bayan kwana uku, da ta kawo kekenta laka ta cushe masa giya. Sun isa gonar, waɗanda ke gaba suka kutsa cikin kunyoyi kafin na baya su ankara. Masu gona suka fito da fartanyoyi a hannu. Aka shafe awa biyu ana ba da haƙuri a ƙofar gidan mai unguwa, darakta na tsaye cikin rana. Da aka sasanta, suka ɗauki kekuna a ka suka haye rafin. A kan dutsen ta sa kowa ya sauka, ban da wani akanta da ya ce shi ba ya tura keke, ya gangaro, ya goce, wuyan hannunsa ya karye. Ita ta ɗaure masa. Abincin da aka yi niyyar ci a ƙololuwa, a bakin kwalta aka ci shi cikin yayyafi.

"Ka ce wani abu mana," in ji ta.

"Giyar nan sai an canja waya," ya ce.

Babu wanda ya zo ba shi haƙuri, shi ma bai jira ba. A mitin na gaba ƙungiyar ta kafa ƙaramin kwamitin duba hanya kafin kowace ƙuri'a, mai mutum uku, Farouk ne shugabansa. Sunan Muhyiddeen bai fito a takardar ba. Cikin wata biyu kekuna bakwai suka dawo rumfarsa ɗaya bayan ɗaya, masu su suna kawowa da kansu. Tara suka zauna a Wuse, har da na Farouk. Bin ayari a bayan a-kori-kura kuwa, wani ma'aikacin shagon aka ba.

Bakwai ba sa riƙe gida mai 'ya'ya huɗu. Muhyiddeen ya je tashar 'yan Keke Napep da ke mahaɗar Jikwoyi ya shaida wa shugabansu cewa ya dawo karɓar faci, daga bayan sallar asuba har magariba, har da ranar Asabar.