Yadda Na Kashe Babana a Shafi na Farko

Shekarar da na gama lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi ita ce shekarar da gero ya ƙi mu a Maijirgi. Sau uku aka yi shuka, sau uku rana ta cinye. Soja ne ke mulki, kuma kullum safiya rediyo na yi mana albishir cewa ƙasa ta kusa ciyar da kanta. Muna saurare, mata na jiƙa ƴaƴan anza don su rage ɗaci a samu na kai wa baka.

Cikin wannan hali aka liƙa sanarwa cewa wata makarantar koyon kasuwanci a wata ƙasa ta bakin teku za ta ɗauki ɗalibai kaɗan daga ƙasarmu, da bursu, wato gwamnati ce za ta ɗauki nauyin komai. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so gurbin nan ba. Abin da ake nema ba shi da yawa: takardar haihuwa, hoto, takardar amincewar uba tunda shekaruna ba su kai ba, sai kuma shafi biyu da Faransanci inda mutum zai bayyana burinsa. Me kake son zama nan da shekara biyar, me kake son zama nan da shekara goma, kuma don me.

Burina kuwa na san shi sarai. Ina son biro, wato ofis, mai fanka, da shinkafa da mai, da takalmin da ba sai na zazzage rairayi daga cikinsa ba kowane marece. To amma fanka ba ta cika shafi biyu. Kwana uku ina zaune da alƙalami, abin da na rubuta bai wuce adireshina ba.

Da abin ya ishe ni sai na kai wa Baba. Ya saurara yana tufkar igiya, sannan ya ɗago.

"Shekara goma? Wace irin lakwal ta wagga, da ka tambayar yaro abin da Allah kaɗai ya sani? Rubuta musu in sha Allahu."

Na ce, "Baba, shafi biyu suke so."

"To ka rubuta da manyan baƙaƙe."

Sai na nufi Tasawa wajen kawuna, wan mahaifiyata. Tsohon ma'aikacin biron kwamanda ne, wato mai mulkin gunduma, ya bar aiki da tabarau guda da mashin ɗin rubutu guda, ya kafa tebur kusa da gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙu. Duk wanda ke neman wani abu a hannun hukuma, daga Hawandawaki har Mayahi, da bakin kawu yake nema. Ya karanta tambayoyin nan ya yi tsaki, kamar an kawo wa sarkin fawa yankan kaza.

"Takardar buri abu ukku ka sa ta daɗi, ɗana," in ji shi. "Wahala, da gawa, da kishin ƙasa. Zamna ka ga aiki."

Na zauna na ga aiki. Kafin la'asar kawu ya gama tsara mini rayuwa. Nan da shekara biyar zan haɗa kan manoman gyaɗa na jiha baki ɗaya. Nan da shekara goma zan gina masana'antar man gyaɗa, a ƙasar da a lokacin ko ɓera ya manta kamannin gyaɗa. Bayan haka zan ciyar da Sahel, in kori yunwa, in share hawayen talakawa bisa tafarkin da shugabanninmu masu kaki suka shata. Duk kalmar da rediyo ta taɓa furtawa sai da kawu ya samar mata wurin zama. A layin farko kuwa ya rubuta cewa ni maraya ne, mahaifina talakan manomi ne, yunwa ta kashe shi a farin farko tun ina ƙarami.

Na ce, "Kawu, ai Baba na nan da ransa."

"Ni za ka hwaɗa ma? Mijin ƙanwata na. Amma ƴan bokon Yamai ba su ba mai uba bursu. Mai uba mi ya rasa? Bara ma uwaye nawa na kashe bisa wanga tebur, ga su can duk suna cin tuwo."

Ina so in ce na yi gardama, amma ban yi ba. Faransancin ya yi kyau ƙwarai. Jimlar mutuwar nan ma ta fi kowace daɗi, har da waƙafi a inda ya dace, na karanta ta sau biyu na ji tausayin kaina ya kama ni.

Ranar kasuwa Baba ya zo Tasawa da amalanken jakinsa don takardar amincewa. Rabin yini ya yi a ƙofar biron kwamanda cikin rana, wani soja da bai kai ni shekaru ba yana daka wa dattawa tsawa. Daga ƙarshe aka kira shi, ya dangwala babban yatsa a tawada ya danna, aka buga hatimi da kwanan wata.

A gidanmu akwai al'ada. Ba matafiyi ko takardar da ke barin gida sai Baba ya yi mata addu'a ya tofa. Ya karɓi shafukan nan biyu ya ce in fassara masa tukuna, don ba ya sa albarka a abin da bai ji ba. Na tsallake sakin layi na farko, na fara daga gyaɗa. Da na kai kan masana'anta ya yi dariya har da buga cinya.

"Ashe da attajiri muke kwana gida guda ba mu sani ba!"

Ya rufe ido ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa a kan takardar da ta ce ya mutu. Ni kuma da hannuna na ɗora ta a kan wadda ya danna wa yatsa, na zura su cikin ambulan ɗaya, na lashi baki na manne. Mai neman zama shugaban ƴan kasuwar Sahel ke nan. Da aka kira ni ganawa a Yamai, tunkiyarmu ta ƙarshe Baba ya kai kasuwa don in samu na mota.

Mutum uku na tarar a ɗakin ganawa, biyu da kwat, na tsakiya kafitan ne, domin a zamanin nan ko taron gyaran rijiya sai ka ga kaki a tsakiya. Masu kwat suka yi ta tambayata kan masana'anta, na yi ta zuba musu haddar kawu suna gyaɗa kai. Akwai fanka a ɗakin, iskarta na bugun wuyana, na ce a raina ai na riga na iso. Kafitan kuwa takardu kawai yake juyawa. Can sai ya ɗago, ya ajiye Faransanci ya koma Hausa.

"Yaushe mahaifin naka ya rasu?"

"A farin farko, ranka shi daɗe."

"Allah shi jiƙan rai." Ya zaro ɗaya takardar ya ɗaga ta sama. "Wannan yatsa na watan jiya fa? Daga lahira aka aiko shi?"

Masu kwat suka dubi fuskarsa, sai da suka ga ya yi murmushi sannan suka fashe da dariya. Kafitan ya turo mini takarduna ya ce, "Kasuwanci kam za ka iya, yaro. Amma ba gwamnati za ta koya maka ba." Haka gurbin ya tafi, ko kofin ruwa ban sha a Yamai ba.

Na iske Baba da rana tsaka a inuwar gawo yana gyaran ƙafar amalanke. Tun a mota na shirya ƙarya, amma da na durƙusa gabansa sai na ga na gaji da ita. Na faɗa masa komai, har da sakin layin da na tsallake. Na sunkuyar da kai ina jiran zagi, ko ma sanda. Sai na ji ya yi ƴar dariya.

"Kawun nan naka tun ranar ɗaurin arme yake nemana, sai yanzu ya same ni." Ya ci gaba da ɗaure ƙarfe. "To da mi na mutu?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Tambayarka nikai. Da mi na mutu?"

"Yunwa, Baba."

Hannunsa ya tsaya. Mutumin nan a fari biyu bai taɓa tsayawa layin rabon jar dawa ba. A farin farko da ƙafa ya je har kan iyaka ya ɗauko garin rogo a ka, a na biyu ya sayar da duk abin da ke tafiya da ƙafa huɗu in ban da jaki, kuma ba mu taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba. Abin da yake taƙama da shi ke nan a duniya, ba shi da wani. Na san haka tun ina kan bencin kawu, kuma kunyar da na ji a lokacin nan ta fi ta gaban kafitan nesa ba kusa ba.

"Da maciji ka ce, ko rijiya, da na yahe tun yanzu," in ji shi a hankali. "Yunwa. Har Yamai ka kai ta, da hatimi."

Bai ƙara tayar da maganar ba. Da shekara ta zagayo na nemi aikin koyarwa a wani ƙauye na Mayahi, na rubuta takardar da kaina, rabin shafi, ba gawa ba masana'anta. Na kai masa na durƙusa na miƙa da hannu biyu. Ya dube ta, ya dube ni, bai karɓa ba.

"Kai ta wurin kawunka," ya ce. "Shi ad da rai."