Mai Wankin Abijan da Ruwan Zuhura

Zakariya'u ɗan wani ƙauye ne da ke kan tudu a gabas da Tamaske, inda duwatsu suka fi itatuwa yawa. Can ya yi kiwon awaki, can ya koyi jera duwatsu a gona don kada ruwan sama ya tafi da ƙasa. Yana da shekara goma sha bakwai ya bi sawun yayyensa, ya hau mota zuwa biɗa, wato neman abin rufin asiri a ƙasar wasu. Motar ta sauke shi a Abijan.

Mutanen ƙauye sun ɗauka kasuwanci yake yi, shi kuma bai taɓa gyara musu zance ba. Gaskiyar ita ce wanki yake yi. Kullum da asuba zai bi gidaje ya tara kayan mutane, ya ɗaure ƙunshi ya fi shi girma, ya sauka wani rafi a gefen birni, ya tsaya cikin ruwa har gwiwa yana bugun tufafi a kan dutse. Shekara ashirin yana wannan aiki. Hannunsa ya san rigar da ke zuba da wadda ba ta zuba tun kafin ta jiƙe. Abu ɗaya ne bai taɓa koya ba a can, shi ne tattalin ruwa, don rafi ba ya ƙarewa.

A tsakanin nan ya zo gida ya auri Rabi'atu, ya riƙa zuwa da damina yana komawa da kaka. Allah ya ba su Zuhura, sai Kamilu. Tafiyarsa ta ƙarshe ce ta yi tsawo, shekara huɗu cur, har aka haifi Fiddausiya aka yaye ta bai gan ta ba. Abin da ya dawo da shi ba ciwon baya ba ne, ko da yake shi yake faɗa wa mutane. Wata rana ce ya kira waya, aka miƙa wa Zuhura, ya ji ta ce da uwarta, “Inna, wani mutum na son magana da ke.” Ya kwana biyu maganar tana cinsa, a na uku ya ɗaure kayansa.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ƙananan dai ba su ba shi wahala ba, alawa biyu ta gama da Kamilu, Fiddausiya kuwa duk wanda ya ɗaga ta sama nata ne. Zuhura ce ta gagara. Shekararta tara, siririya, mai idon lura irin na uwarta. Za ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye masa ruwan alwala, ta tashi ba ta dube shi ba. Ba ta taɓa ce masa Baba ba. Shi kuma, da yake ita ɗiyar fari ce, kunya ta hana shi kama sunanta, balle ya jawo ta jikinsa a gaban mahaifiyarsa Dada. Sai dai ya ce, “Ke.” To, yaya za a yi “ke” ta gina abin da shekara huɗu ta rushe? Abin yana damunsa ƙwarai, har ya fara tunanin ko ya makara.

Ranar Asabar ba lakwal, wato makaranta, ita ce ranar wanki a gidan. Bazara ce, rijiyar kusa ta ƙafe, sai fanfon da ke can ƙasa cikin kwari. Tun yammacin Juma'a Rabi'atu da Zuhura suke hawa da sauka, uwa da babban bido, wato jarkar ruwa, ɗiya da ƙarami, har suka jera bido biyar a gindin bango. Da safe Rabi'atu ta tafi barkar haihuwa, Zuhura ta fita tsinto wa awaki abin ci. Zakariya'u ya dubi tulin kayan yara, ya dubi bidon nan biyar, ya ji zuciyarsa ta yi fari. Ga aikin da ya fi kowa iyawa a duniya. Yau yarinyar nan za ta ga abin da ubanta ya iya.

Dada tana zaune a inuwa tana tsinkar yakuwa, ta ce, “Kai, mi kaka shirin yi?”

“Wanki, Dada.”

“Namiji da gemu? Wanga wane irin kasuwanci ne kunka koyo Abijan?”

Ya yi dariya, ya naɗe ƙafar wando. Ya ba Kamilu aikin miƙo kaya, Fiddausiya ta ba kanta aikin shiga baho. Kumfa ta tashi, yara suna ihu. Ya wanke, ya ɗauraye, ya sake ɗaurayewa, ya ƙara na uku kamar yadda matan Abijan suke so. Duk ruwan da ya ɗan canza launi sai ya watsa shi rariya, ya zuba sabo. Ya haɗa da yaran ma ya wanke su tas. Kafin hantsi ya ɗaga igiya ta cika, farar rigar Zuhura tana ɗaukar ido, kuma ruwa ya bi rariya ya fita har lungu, kaji suna sha.

A lungun Zuhura ta fara ganin ruwan. Ta shigo da gudu, ta yar da ƙunshin ciyawa. Ko kallon igiya ba ta yi ba. Ta bi bidon nan ɗaya bayan ɗaya tana girgizawa, duk biyar ba komai. Daga nan ta nufi bayan ɗaki, inda wani ɗan zogale yake tsaye cikin da'irar duwatsu, tsawonsa bai wuce gwiwarta ba. Madam, malamarsu ta lakwal, ce ta raba wa kowane ɗalibi ɗaya, kuma nata ne kaɗai a unguwar awaki da rana ba su gama da shi ba. Ƙasar gindinsa a bushe take ƙayau.

Ta wuce ubanta. Wajen kakarta ta je.

“Dada, baƙon ga ya zubda muna ruwa duka. Sawu biyar munka yi. Har da na sha.”

Zakariya'u yana tsaye da soso a hannu. An zage shi a Abijan da harsuna da yawa, ba wanda ya taɓa shigarsa kamar wannan kalma daga bakin ɗiyarsa. Garin neman gira ya rasa ido. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa.

Dada ba ta rarrashi kowa ba, ba halinta ba ne. Ta ce, “Ai ba ta yi ƙarya ba. Nan gidan ruwa guda aiki ukku shika yi kahin shi taɓa ƙasa. Kai ka aza rahinka ka taho da shi?”

Ya ajiye soson. Ya shiga rumfa ya zaro wata sanda mai kauri, ya ɗaura igiya a kowane gefe, ya rataya bido biyu kamar ɗan ga-ruwa. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai da ta yarinyar.

“Ke,” ya ce, “ni na ɓata. Ban san hanyar fanfo ba. Ki gwada mini.”

Ta daɗe tana dubansa. Ta ɗauki ƙaramin bidonta ta wuce gaba, ya bi ta.

Hanyar duk tsakuwa ce, rana ta riga ta yi zafi. A bakin fanfo mata sun fi ashirin, bido a jere, kowace ta san wadda take bi. Zakariya'u ya nufi bakin fanfo kai tsaye, Zuhura ta ja masa riga, ta nuna masa ƙarshen layi. Mata suka fashe da dariya. Wata Maiguwa, wadda bakinta ba ya jiran izini, ta leƙo fuskarsa, alhali sarai ta san shi, ta ce, “Zuhura, ina kinka samo ɗan ga-ruwa mai gemu? Baƙon wa ne wanga?”

Zakariya'u ya sunkuyar da kai yana jiran a sake faɗin kalmar. Yarinyar ta dubi Maiguwa ido cikin ido.

“Ba baƙo ba ne. Babana ne. Bai iya ba ne tukuna.”

Dariya ta ƙaru, shi kuwa ya juya baya yana gyaran igiyar da ba ta kwance ba, don kada a ga idonsa.

Sawu uku suka yi ran nan. Rabi'atu ta dawo ta tarar da mijinta kafaɗa ta kumbura, ta ji labari, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Baban Kamilu, kayan dai sun hita, wannan ba a hana maka ba.”

Yanzu duk Asabar shi ke wanki a gidan, kuma ya daina ɓoye sana'ar da ya yi a Abijan. Amma ba shi ke da iko da ruwa ba. Zuhura ce ke tsaye da moɗa. Farare su fara shiga, masu duhu su bi su a ruwan nan, tsummokara a ƙarshe. Ruwan ɗauraya ya zama na wankin gaba, mai kumfa a yayyafa wa tsakar gida, na ƙarshe wanda ba sabulu a kai wa zogale, wanda ya kai kafaɗar Kamilu. Har yau Zakariya'u bai kama sunanta ba, kuma ba zai kama ba. Ita ce dai take kama nasa sau goma kafin a shanya kaya.

“Baba, tsaya! Kada ka zubda wanga, da sauran aikinshi.”